Makullin da ke Saman Wayata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyata. Waɗanda suka yi ta tambayar ko lafiya na ɓace, ku yi haƙuri. Wayar ce ba ta hannuna, kuma dalilin rabuwata da ita shi ne labarin yau. Wata ta ce in daina ja muku rai, in faɗi ainihin inda Suhaibu yake. To, yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Sai dai ki sani, 'yar'uwa, ba daɗi za ki ji ba.

Ga sababbin shigowa: sunana Zaituna, autar gidan Malam Dabo, tsohon hedimasta, a lungun da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina zaman jiran aiki. Ni mutum ce da magana ke yi wa nauyi. Tun ina ƙarama in aka tsare ni da tambaya sai harshena ya ɗaure, in kama bakin hijabi ina murzawa. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

Suhaibu kuwa, saurayina, ɗan Inna Yelwa ne, ƙawar Ummata, gida uku tsakaninmu. Shi kaɗai Allah ya ba ta. Da can yana sayo dabino daga Nijar yana saukewa a kasuwar Mai'adua, har aka rufe boda, jarin ya narke a hannunsa. Duk Daura an san yana Legas yana aiki a kamfanin tayil. Ni kaɗai na san ranar da ya ce zai hau motar Legas, babur ya hau ta bodar Kwangwalam, ya bi Damagaram, ya bi Agadas, har ya dangana da Libiya. Ya ce shekara ɗaya zai yi yana aikin gini, ya dawo da abin da zai tsaya gaban Baba da shi.

"Kar Inna ta ji," ya ce da ni a zaure. "Kin san jininta. Rasuwar babana ma da ƙyar aka tashe ta."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Bakin hijabi na murza.

A can an ƙwace masa waya tun a hanya, layinsa ya tafi da ita. Don haka babu kira, babu Wasaf. Abin da ya rage mana Tuwita ce kawai, domin ita ba ta neman lamba: duk wanda ya ara masa waya, sai ya shiga da sunansa, ya bar mini saƙo, ya fita. Ni kuma in ɗauki gaisuwarsa in kai wa Inna Yelwa, in ɗora mata da cewa a kamfaninsu ba a barin ma'aikata su riƙe waya. Ni ce wayar Inna Yelwa. Allah ya yafe mini.

Sai ga shi wata Asabar an wayi gari gwamnati ta rufe Tuwita.

Na taɓa, tana juyawa. Na kashe data na kunna, tana juyawa. Na cire layi na hura na mayar, kamar wadda ba ta je makaranta ba. A tsakar gida Baba na kan tabarma da rediyonsa, yana gyaɗa kai.

"Gara da aka yi," in ji shi. "Dandalin marasa kunya. Wai har an ce duk wanda ya bi ta bayan fage ya shiga, kotu ce za ta raba su. Madalla."

Ni kuwa kafin azahar na riga na bi ta bayan fagen.

Ga waɗanda ba su san VPN ba, bari in kwatanta muku yadda na fahimta. Kamar a ce an sa mai gadi a ƙofar gidanku kar ki fita zuwa wani gida. Sai ki shiga gidan maƙwabta ta kafar katanga, ki fita ta ƙofarsu. Mai gadi dai ya ga kin shiga maƙwabta, bai san inda kika nufa daga nan ba. Na sauke wata manhaja ta kyauta, na danna, wayata ta ce wai yanzu ina Jamus. Wani ɗan makulli ƙarami ya fito a saman fuskar wayar, kusa da alamar batir. Tuwita ta buɗe. Saƙonsa na jirana:

"Zaituna akwai maganar da zan yi da ke, babba ce. Ki riƙa dubawa kullum a satin nan, don Allah."

Na rubuta masa: "To. Ina nan." Wannan ce kalmata ta ƙarshe da ta isa gare shi.

Abin da ban sani ba, abin kyauta da kuɗinsa yake zuwa. Manhajar nan talla take cusowa, kuma tallar ƙasar da ta ce kina ciki. Sau biyu na ga ta takalma, sau ɗaya ta mota. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar Talata da hantsi ina gaban murhu ina saka ɗanwake, Yaya Jafaru ya shigo. Shi ne babba a gidanmu, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukumar Dutsi, yana sanye da farar shaddarsa da ta sha guga har tana tsayawa da kanta.

"Auta, ara mini wayarki, katina ya ƙare."

Hannuna duk ƙulli. Na nuna masa da haɓa inda take caji a bakin taga, na gaya masa lambobin buɗewa. Ina jin ƙarar ɗanwake na faɗawa a ruwa, sai na ji shiru ya yi yawa. Na waiga.

Yana tsaye riƙe da wayar nesa da jikinsa, kamar ya ɗauki mataccen ɓera.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zaituna! Mene ne wannan?"

Wata Baturiya ce ta cika fuskar wayar, babu komai a jikinta sai abin da ba a rasa ba, da rubutun wani yare a ƙasanta. Kafin in kai hannu ya ɗaga wayar sama.

"Talla ce, Yaya, ita ce take..."

"Talla? Ni me ya sa ba ta zuwa a tawa?" Ya kawar da hoton, idonsa ya faɗa kan makullin. "Ato. Ga shi nan. Umma! Umma, fito ki ga abin da 'yar jami'arki take yi!"

Umma ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ɗankwalinta a karkace. "Kai lafiya? Rage murya mana, katangar nan kunne gare ta."

"Kin ga wannan makullin? Ko a masallaci ran Juma'a sai da aka yi magana a kansa. Duk wanda kika ga yana da shi, to wuraren batsa yake shiga, waɗanda aka toshe. Yaran unguwa da shi suke lalacewa. Ashe har cikin gidanmu! Mace!"

Da ƙarfi ya faɗi kalmar. Na ji tsintsiyar da ake shara da ita a gidan maƙwabta ta tsaya.

Ɗanwaken ya narke a tukunya, ya zama kunu. Babu wanda ya ci abinci a gidan ranar.

Bayan la'asar Baba ya kira ni ɗakinsa. Yana zaune a kan buzu, tabarau a kan hanci, wayata a ajiye a gabansa kan wani tsohon littafin lissafi. Umma na gefe ta haɗa kai da gwiwa. Yaya Jafaru ya tokare ƙofa. Na durƙusa. Hijabina ruwan toka ne, wanda bakinsa ya fara zarewa. Ina iya gaya muku yawan zaren da ya fita, don su na yi ta kallo.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Zaituna, ni ban yarda da abin da yayanki ya faɗa ba. Ni na raine ki. Amma mutum ba ya sa makulli sai yana da abin ɓoyewa. Gwamnati ta ce kar a shiga wuri, a garin nan, a garin nan fa, a ce 'yata ce take tsallake doka? To na ji. Buɗe mini. Nuna mini inda kike shiga da shi, a gaban uwarki, magana ta ƙare."

Ya turo mini wayar da yatsa ɗaya.

'Yan'uwa, ku tsaya a inda na tsaya. In na buɗe, saƙonnin Suhaibu ne reras: Agadas, Sabha, dukan da aka yi musu a hanya, ƙaryar Legas daga tushe har ganye. Baba, wanda ya ba shi zuwa babbar salla ya turo magabatansa, zai ce maƙaryaci ba ya auren 'yarsa. Umma kuwa ba ta iya riƙe abu ta hana Inna Yelwa. Kafin magariba ta ji. In kuma ban buɗe ba, na amsa sunan da Yaya ya laƙaba mini.

Na ce a raina, suna dai ana wanke shi. Inna Yelwa in ta faɗi, wa zai tashe ta?

"Ba ki ji ba ne?" in ji Yaya Jafaru.

Umma ta ɗago. "Auta, ki yi magana mana. Ko me ne ne, ki faɗa. Ni na haife ki."

Na murza bakin hijabi.

Baba ya jima yana kallona. Sannan ya cire tabarau ya ninke, a hankali, kamar ranar da aka aiko masa da rasuwar ƙaninsa.

"Shi ke nan," ya ce. "Shirunki ya ba ni amsa."

Ya miƙa wa Yaya wayar ya ce ya kulle a durowa. Ni kuma ko zaure kar in leƙa.

Ba zan ja ku da yadda kwanakin suka wuce ba. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum yana watsewa, manoma na jiran ruwan shuka, zafi kamar a tafasa mutum. Umma ta daina aikena. In na shiga kicin sai ta fita. Wayarta ƙarama ce mai tocila, ko da na sata ba ta da amfani. Mata biyu suka zo barka da ba a yi haihuwa ba, suka zauna suna satar kallona suna cewa yaran zamani sai addu'a. Harisu, abokin Yaya mai shagon magani, wanda na daɗe da cewa ba na so, ya aiko cewa shi har yanzu yana nan a kan bakansa, zai rufa mini asiri. Ku ji fa. Zai rufa mini asiri.

Duk wannan bai dame ni ba kamar kalma ɗaya: kullum. Ya ce in riƙa dubawa kullum. Ina kallon durowar nan ta ƙofar ɗakin Baba kamar mai kallon kabari.

Sai da Juma'a ta wuce, wata Juma'ar ma ta wuce, sannan Baba ya kira ni da safiyar Asabar, ya mayar mini da wayar. Yaya ya riga ya goge manhajar, ya goge Tuwitar ma.

"Ki yi mini alkawari," in ji Baba, "ba za ki sake sa makullin nan a wayarki ba."

"Na yi alkawari, Baba."

"Allah yana ji."

"Yana ji."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, wayar a cinyata. Na yi alkawari, kuma ni ban taɓa karya wa Baba alkawari ba. Sai na tuna wani abu da wata 'yar ajinmu ta taɓa nuna mini a jami'a, lokacin da intanet ɗin makaranta ke toshe wasu shafuka. A cikin saitin waya akwai wani layi da ake kira DNS na sirri. Ita waya, kafin ta kai ki ko'ina, sai ta tambayi kamfanin layinki, "Ina ne gidan wane?" In an hana, kamfanin ya ce bai san gidan ba. To wannan saitin yana sa ta daina tambayarsu, ta tambayi wani can daban, cikin raɗa, yadda ba za su ji me ta tambaya ba. Ba manhaja ba ce. Ba ta da talla. Ba ta fito da makulli.

Na san abin da za ku ce. Ni ma na faɗa wa kaina: Baba ba hoton makulli yake nufi ba, ƙofar yake nufi. Na sani. Na rubuta adireshin duk da haka.

A layina na farko bai yi ba. Da alama su ba a wajen tambaya kaɗai suka tare hanya ba. Na juya data zuwa ɗaya layin, wanda na ajiye tun bautar ƙasa. Na buɗe burauza, na rubuta sunan shafin. Ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Sai ya buɗe.

Saƙo huɗu. Ga hotonsa a gefe, wanda ya ɗauka ranar sallar bara, da hula zanna ya karkata ta. Zan kwafo muku su yadda suke.

Na Laraba, washegarin ranar da aka karɓe wayar:

"Zaituna mun iso bakin teku. Sunan garin Zuwara. Aikin ginin ya mutu, mai aikin ya gudu. Yaran da muke tare sun ce a tsallaka Italiya, jirgin roba ne. Akwai kuma motar da za ta koma Agadas."

Na biye da shi:

"Na kasa yanke shawara. Ke zan bi. In kin ce dawo wallahi zan dawo ko hannu rabbana ne, in tsaya gaban Babanki in sha kunyata. Kalma ɗaya kawai."

Na Alhamis:

"Kina nan? Mai wayar zai wuce gobe bayan la'asar."

Na Juma'a:

"Na ga shiru. Na san ki, ba kya iya cewa e da baki. Ko ranar da na ce ina sonki hijabi kika yi ta murzawa. Malamai sun ce shirun budurwa yarda ne. Na karɓa. Ki kula mini da Inna. Kar ki gaya mata sai na kira daga can."

Ba Juma'ar jiya ba. Waccan.

A ƙasa babu komai. Fari fat.

Na rubuta, "Dawo." Na sake rubutawa. Na rubuta da manyan baƙaƙe. Na rubuta, "Ban yarda ba, wallahi ban yarda ba, wayar aka karɓe." Saƙonnin suka jeru a gefena, shuɗaye, babu mai karɓa. Ban yi kuka ba. Shiru ɗaya na yi, 'yan'uwa. A ɗakin Baba aka karanta shi da cewa na yi. A bakin teku aka karanta shi da cewa ka tafi.

A daidai nan na ji sallama a tsakar gida, muryar da na fi tsoro a duniya.

"Salamu alaikum, masu gida. Ina 'yar tawa?"

Inna Yelwa ce. Ba ta tsaya wajen Umma ba, kai tsaye ta ɗaga labulen ɗakina. Tana sanye da atamfarta mai ganyen kuka da ta koɗe, da mayafi ruwan ƙasa, tana haki saboda 'yar tafiyar gida uku. A hannunta kwanon sha ne an rufe da faifai, a hammatarta baƙar leda. Na zame daga gado na durƙusa.

"Tashi, tashi. Fura ce, da nono mai kyau na dama miki, an ce ba kya cin abinci." Ta zauna inda na tashi, gadon ya yi ƙara. Ta ɗaga murya yadda za a ji har bayan katanga. "Na ji abin da ake faɗa. Na ce musu ƙarya suke yi. Yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da mutum? Ko a gabana aka kama ki ba zan yarda ba. Mutumin naki ya zaɓa, ni ma na zaɓa."

Ta kwance ledar. Turmi biyu ne na atamfa, da leshi ɗaya ruwan zuma.

"Kin ga wannan? Na akwati ne, a hankali nake tarawa. Tunkiyata na sayar a Mai'adua ran Lahadi. Kar ki gaya masa, so nake ya dawo ya tarar."

Umma ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, tana goge ido da gefen zane. A bayanta na ji ƙarar babur ɗin Yaya Jafaru ya tsaya a zaure.

Ni kuwa na manta wayar na kan katifa, a kunne. Inna Yelwa ta kai hannu za ta matsar da ita don ta shimfiɗa leshin, sai ta tsaya. Ta kusanto da ita fuskarta, ta nisanta, ta sake kusantowa. Ba ta yi boko ba, amma hular nan ita ta saya masa.

"La ilaha illallahu! Ga shi nan ai! Ja'iri, ya tuna da mu?" Fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta sa babban yatsa ta shafi hoton. "Wannan rubutun duk nasa ne? Yaushe ya aiko? Kusan wata guda ba ki kawo mini gaisuwa ba, na ce ko aikin ne ya yi yawa."

Yaya Jafaru ya leƙo ta kan kafaɗar Umma. Idonsa ya tafi saman wayar, yana neman makulli. Babu. Ya sauko kan rubutun, na ga goshinsa ya tattare.

Inna Yelwa ta danƙa mini wayar, ta riƙe hannuna da nata duka biyu. Tafinta da ɗumi, yana ƙanshin citta da gero.

"Karanta mini, 'yata. Kar ki ji kunya, tsallake na soyayyar. Karanta mini inda ya ce yana lafiya."

Hannuna ɗaya ya tafi neman bakin hijabi. Na gan shi yana tafiya, na dawo da shi. Shiru ya riga ya ci mini mutum ɗaya.

Na karanta, muryata kamar ta wata: "Zaituna, mun iso bakin teku."

Inna Yelwa ta yi dariya, ta waiga wajen Umma.

"Kin ji ba? Ai an ce Legas har teku gare su. Yawon shan iska suka je ke nan." Ta gyara zama, ta jawo leshin kan cinyarta tana lallashinsa kamar jariri. "Ci gaba, 'yata. Sai me ya ce?"

Na ci gaba.